Kwana biyu a Oxford tare da Baba: waɗanne kwalejoji da majami'u za mu shiga?

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Oxford na Ingila. A farkon watan Nuwamba, in Allah Ya kai mu, zan raka mahaifina Landan daga nan Birnin Kebbi, kuma bayan an gama abin da ya kai mu muna da Alhamis da Juma'a a hannu. Baba tsohon malamin tarihi ne, shekararsa 68, ya daɗe yana burin ya ga wannan jami'a da tsofaffin majami'unta da idonsa. Gwiwa tana damunsa, tafiya mai tsawo sai da hutu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na duba taswira ban ga inda ƙofar jami'ar take ba, sai sunayen kwalejoji birjik. Ta ina ake shiga? Tikiti ɗaya ne, ko kowacce da nata? Waɗanne suka cancanci kuɗi da wahalar dattijo? Sannan mu Musulmi ne, yaya ake shiga majami'a ba tare da mun ɓata wa masu wurin ba? Ga batun sallah da abinci. Mai tambaya ba ya ɓata, a taimaka.

Malam Na-Gwandu:

Wa alaikumus salam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙofar da kake nema babu ita, ƙanena, kuma a nan baƙi da yawa ke fara ɓata ranarsu. Idan ka saba da jami'ar Kalgo ko ta Aliero, katanga ɗaya da ƙofa ɗaya, cire wannan siffar daga ranka. Oxford gari ne da kasuwarsa da motocinsa, jami'ar kuwa a warwatse take cikinsa. Kwalejoji ne sama da 30, kowacce gida ce mai cin gashin kanta, da katangarta, da zaurenta, da ɗakin cin abinci, da ɗakin karatu, da ƙaramar majami'a. Ya fi kama da yadda karatu yake a tsofaffin garuruwanmu, kowane malami da zaurensa da almajiransa, amma sunan garin ne ya yi fice.

Baba zai so dalilin katangun. An san ana koyarwa a garin tun 1096, ɗalibai kuma suka ƙaru bayan 1167, lokacin da Sarki Henry na biyu ya hana mutanensa zuwa karatu Faris. Da farko haya suke kamawa a gidajen 'yan gari, rigima kuwa ba ta ƙarewa tsakaninsu. Ta 1209 ce ta sa wasu malamai suka yi ƙaura suka kafa Cambridge. Ta watan Fabrairun 1355, wadda ta faro daga gardama a wata mashaya a mararrabar Carfax, ta ci rayuka gommai. Wannan na cikin abin da ya sa kwaleji kamar New College ta 1379 aka yi mata fasalin gidan sarauta: doguwar katanga, ƙofa ɗaya, zauren masu gadi, sai tsakar gida mai kusurwa huɗu.

Har gobe mutane ne ke kwana da karatu a ciki, kuma Nuwamba tsakiyar zangon karatu ce. Saboda haka kowace kwaleji ita ke yanke lokacin buɗe wa baƙi da kuɗin shiga, tana kuma iya rufewa ranar saboda taro ko bikin ba da digiri. Babu tikitin da ke shigar da kai duka. Ka duba shafin intanet na kowacce daren da za ku tafi, ka sake duba allon da suke kafawa a bakin zaure. In kun shiga, ba a taka ciyawar tsakar gida, kuma ƙananan ƙofofin da ke da matakala ɗakunan kwanan ɗalibai ne, ba a leƙawa.

Daga Landan kimanin kilomita 90 ne. Jirgin ƙasa yana tashi daga Paddington ko Marylebone, awa ɗaya ko da ɗan ɗori. Na Marylebone yana tsayawa a wata tasha mai suna Oxford Parkway kafin ya shiga gari. Kada ku sauka can, bayan gari ce, ku jira ta ƙarshe. Katin Oyster na Landan ba ya kai mutum Oxford, sai an yanki tikiti daban, kuma na bayan cunkoson safe ya fi araha. Akwai doguwar bas mai suna Oxford Tube, duk da sunan ba jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ce, tana tashi daga kusa da Victoria. Takan ci awa biyu in hanya ta cushe, amma tana sauke mutum a High Street, tsakiyar kwalejojin. Don gwiwar Baba ita na fi so, domin tashar jirgi tana yammacin gari, tafiyar minti 20 ce ga dattijo kafin ya ga komai. Kada ku ɗauko akwati, wuraren nan ba sa barin shiga da babban kaya. Ƙaramar jaka ta isa kwana ɗaya, kuma gara ku kwana can da ku yi zirga-zirga sau huɗu.

Abin da zai tsara muku rana shi ne hasken rana. Agogon Ingila yana komawa baya da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka a Nuwamba suna bayanmu da awa ɗaya, rana kuma tana faɗuwa wajen huɗu da rabi. Daga goma zuwa huɗu ke nan kuke da shi, awa shida. Ƙofa uku a rana ta ishi mai lafiya ma, balle dattijo.

Alhamis ku fara da Broad Street, shimfiɗaɗɗe ne babu hawa. Balliol ta 1263 tana nan, a ƙarshen titin kuma ga Sheldonian, zauren da Christopher Wren ya zana aka gama a 1669, inda ake ba da digiri. Bayansa ne ɗakin karatu na Bodleian yake, wanda aka buɗe a 1602. Suna da zagaye da ɗan jagora na minti 30 da 60 da 90, amma duka sai an hau bene zuwa tsohon ɗakin littattafai. In gwiwa ta ƙi, ku yanki tikitin Divinity School kaɗai, a ƙasa yake. An gina shi tsakanin 1427 da 1483, nan ake yi wa ɗalibai jarrabawar baka. Ka zaunar da Baba ya ɗaga kai. Rufin dutse ne zalla, bakuna sun fito daga bango suna bazuwa kamar ganyen giginya, suna haɗuwa a ƙulli 455, kowanne da sassaƙarsa: haruffan sunayen waɗanda suka ba da gudummawar ginin, tambarin gidaje, dabbobi, ganyaye. Wanda ya san ɗaurin guga na soron iyayenmu zai gane dabarar nan take. Nauyin rufi ne ake rarraba wa bakuna, sai dai su dutse suka samu, mu azara da laka.

Kuna fitowa ta kudu sai dandalin Radcliffe, da zagayayyen ginin nan mai kubba da ake gani a hotuna, wanda aka gama a 1749. Ɗakin karatu ne, ba a shiga kai tsaye, daga waje ake kallo. All Souls ta 1438 tana gefen gabas. Kyauta ce, amma awa biyu kawai take buɗewa, biyu zuwa huɗu na yamma, kuma ba ta ɗaukar masu digirin farko, shi ya sa babu hayaniya. Idan da sauran ƙarfi, New College tana kusa. A lambunta ne tsohuwar ganuwar birnin ta rage a tsaye.

Juma'a ku ba Christ Church safiyar. Tana cikin mafiya girma, ita ce kuma mafi tsada, kuma tikitinta mai lokaci ne, a intanet ake saye. Ka ɗauki na farkon safe, domin ana rufe ɗakin cin abincin da tsakar rana har wajen biyu don ɗalibai su ci, wanda ya zo sha biyu ya biya kuɗi bai ga abin da ya kawo shi ba. Kuma baƙi ba sa shiga ta babbar ƙofar da ke ƙarƙashin hasumiya. Ku gangara titin St Aldate's ku wuce ta, ku shiga ta ƙofar da ke wajen filin kiwo.

Malama Rifkatu daga Zuru:

Sannunku. A gaishe da Baba, Allah Ya ba shi ikon gani. Bari in ɗauki batun majami'u, tunda Malam ya bar shi.

Kusan duk tsofaffin na cocin Ingila ne, wato Angalikan, kuma a buɗe suke ga kowa, ba a tambayar addinin mai shiga. Abubuwa kaɗan ne suka bambanta da abin da kuka saba a masallaci, ɗana. Ba a cire takalmi, kada ku bar su a ƙofa. Al'adarsu namiji ya cire hular kwano ko malafa in ya shiga, amma hular da aka sa don addini ko al'ada ba kasafai ake magana a kanta ba. In wani ma'aikaci ya yi magana, a gaya masa cikin ladabi, ya wadatar. A sassauta murya, domin ko babu sujada za ka ga mutum ɗaya ko biyu zaune suna addu'a. Can gaba inda bagade yake akwai igiya ko ɗan shinge, ba a tsallakewa. Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne ƙasa. Manyan duwatsun da ke da rubutu da shekaru a daɓen majami'a da barandar kwaleji, da yawansu kaburbura ne, su kuma suna takawa ba sa ɗaukarsa rashin girmamawa. In ranku bai kwanta ba ku ratse, akwai wuri.

Guda uku nake ganin sun cancanci malamin tarihi. Ta farko St Mary, majami'ar jami'a, tsakanin High Street da dandalin Radcliffe. Shiga kyauta ne. Kafin jami'ar ta mallaki gini nata, a nan take taro, a nan take ba da digiri, a nan ɗakin littattafanta na farko yake. A nan kuma aka gurfanar da shugabannin coci uku zamanin Sarauniya Mary, lokacin da ta mayar da ƙasar Katolika. An ƙone Latimer da Ridley ranar 16 ga Oktoba 1555, Cranmer kuma ranar 21 ga Maris 1556. Ku nemi ginshiƙin da aka ɗan sassaƙe gefensa daura da mumbari. An yanke shi ne don a kafa dandamalin da Cranmer ya tsaya a kai a safiyarsa ta ƙarshe, inda ya janye tuban da aka tilasta masa. Wurin da aka ƙone su yana tsakiyar Broad Street gaban Balliol, 'yar alamar gicciye ce ta duwatsu a kan titi, ba ta da shinge, kekuna na bi ta kai. Mutane da yawa suna wucewa ba su gan ta ba. A wani ɗaki na wannan majami'a ne kuma aka kafa ƙungiyar agaji ta Oxfam a 1942.

Hasumiyarta tana da matakala 127, ana biya, babu na'urar hawa. Ƙarshenta murɗaɗɗiyar matakala ce ta dutse, faɗin mutum ɗaya, kuma barandar sama matsattsiya ce har sai an yi kafaɗa da kafaɗa. Kada Baba ya gwada. Ya zauna a ƙasa, kai ka hau ka ɗauko masa hoto, kuma kada ka hau da babbar riga, za ta riƙa jan ƙasa kana takawa.

Ta biyu St Michael a titin Cornmarket. Hasumiyarta ta wajen shekarar 1040 ce, kafin ma a fara jami'ar, ita ake ɗauka ginin da ya fi tsufa a garin. Duwatsunta marasa sassaƙa ne, ba ado, kuma a ciki an ajiye ƙyauren kurkukun da aka tsare waɗancan ukun. Minti goma sha biyar sun isa.

Ta uku tana cikin Christ Church, tikitinku ya haɗa da ita. Ita ce ƙaramar majami'ar kwalejin, ita ce kuma babbar majami'ar bishop na yankin Oxford. Ginin na ƙarni na 12 ne. Ku tambayi masu kula da wurin su nuna muku tagar Becket ta wajen 1320. Hoton kisan Thomas Becket ne, babban limamin Canterbury, a gilashi mai launi, amma inda fuskarsa take an sa farin gilashi, saboda a 1538 Sarki Henry na takwas ya ba da umarnin a shafe siffarsa ko'ina. An cire fuskar kawai, sauran tagar ta tsira.

Akwai sujadar yamma da ake rerawa wajen ƙarfe shida a Christ Church da Magdalen da New College lokacin zangon karatu. Minti 40 zuwa 45 ce: Zabura, karatu biyu daga Littafi Mai Tsarki, waƙar Maryamu da ta Saminu, sai addu'o'i. Tsarin ya samo asali daga littafin addu'a da Cranmer ɗin nan ya haɗa a 1549. Kyauta ce, amma ibada ce, ba hanyar zagaya kwaleji a ɓagas ba. Ba hoto, ba fita a tsakiya. Na faɗa ne don ku sani, domin ko ba za ku zauna ba tana shafar ku: akan rufe ƙananan majami'un tun kafin lokacin don mawaƙa su yi gwaji. Wanda ya bar kallon majami'a zuwa ƙarshen yini yakan tarar da ƙofa a rufe.

Ɗan Jega:

Na gode Malam, na gode Mama, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba, ya ce tagar Becket da ginshiƙin Cranmer su ne nasa. Saura sallar Juma'a da abinci da kayan sanyi. Kuma Baba yana tambaya, tunda an ambaci Cambridge, ba za mu iya raba kwanakin ba, Alhamis nan Juma'a can?

Hajiya Ta-Argungu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da lokutan sallah, su ne ke kama baƙo a wannan watan. A farkon Nuwamba azahar tana shiga kafin sha biyu da 'yan mintuna, la'asar wajen biyu, magariba wajen huɗu da rabi. Salloli uku ke nan cikin awa biyar, daidai lokacin da ƙofofin ke buɗe. Ku matafiya ne, ku tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salla tun kuna gida, ku tafi da amsa a hannu. Alƙibla kuma ta sauya. A Kebbi gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa, wajen digiri 70. A Oxford kudu maso gabas ce, wajen digiri 118. Wanda ya bi sabo ya juya gabas ya kauce.

Babban masallacin garin yana Manzil Way, a gefen titin Cowley, gabas da gadar Magdalen. Daga gadar tafiyar minti 20 ce, don haka ku hau bas mai lamba 1 ko 5 daga High Street, ko ku ɗauki tasi. Akwai masallacin Madina a titin Stanley, akwai kuma na Cibiyar Nazarin Musulunci ta Oxford a titin Marston, ginin da ke da kubba da hasumiya. An kafa cibiyar a 1985. Ka duba lokacin huɗuba a shafin masallacin daren Alhamis, domin yana sauyawa da sauyin agogo. Tsarin da zai yi muku daidai: Christ Church da safe, ku fito kafin sha biyu, masallaci, abinci a titin Cowley inda shagunan halal suke jere, sannan a dawowa ku tsaya Magdalen tunda a kan hanya take. Ana kiranta Modilin, ba yadda aka rubuta ba, in ka faɗa wa direba yadda aka rubuta zai gane amma zai gyara maka. An kafa ta a 1458, tana da garken barewa a cikin harabarta da baranda mai kujeru inda Baba zai huta. Ku isa kafin uku, a lokacin sanyi duhu ke rufe ta.

A tsakiyar gari ku lura da burodi mai haɗi, naman alade ya yi yawa a ciki. Ku nemi na kifi ko ƙwai ko wanda aka rubuta na ganye ne zalla. Rufaffiyar kasuwar nan ta 1774 da ke tsakanin High Street da Market Street tana da shayi da miya mai zafi da wurin zama. Kada ku ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu daga gida. Dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi.

Banɗakunansu ba buta, ka sa ƙaramar gora a jaka. Sanyin ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa, sanyi ne mai laima da yayyafi, kuma cikin tsofaffin gine-ginen dutse yakan fi waje ratsa ƙashi. Baba ya sa matsattsiyar rigar sanyi da wando a ƙarƙashin kaftani, sai kwat mai hana ruwa a sama, da safa mai kauri. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ba sandal ba, ba mai ƙasan fata ba. Dandalin Radcliffe da titin Merton daɓen ƙananan duwatsu ne masu tudu, in ruwa ya taɓa su santsi suke, kuma su ne maƙiyan gwiwa. Ya riƙe sanda mai roba a gindi. Wajen tsallaka titi ku fara duba dama, su ta hagu suke tuƙi, kekuna kuwa ba su da ƙara.

Batun kuɗi: wurare da yawa kati kawai suke karɓa, katin naira kuma yakan ƙi a waje ko ya tsaya a ƙaramin iyaka. Ka je bankinka tun da wuri ka tabbatar. In za ka sayi fam a hannun 'yan canji, ka taɓa kowace takarda. Tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a shaguna tun 30 ga Satumba 2022, na leda kaɗai ake karɓa.

Malam Na-Yawuri:

Assalamu alaikum. Abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. An cika Alhamis da kwalejoji, an bar abin da zai fi taɓa zuciyar malamin tarihi daga ƙasar Gwandu. Tsakar gida ta uku da ta huɗu duk kama suke yi wa baƙo. Ni da za a bi tawa, a ajiye New College, a ba Gidan Tarihin Kimiyya da ke Broad Street awa ɗaya, jikin Sheldonian yake. Kyauta ne, da rana yake buɗewa, sai dai akwai matakala a bakin ƙofa, a hau a hankali. Suna da tarin usturlabi da ba a san wanda ya fi shi ba a duniya, da yawansu na ƙasashen Musulmi. Faranti ne na tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da shi, a fitar da lokacin sallah da alƙibla. Ka matso da Baba kusa da gilashin ya karanta sunayen taurari da Larabci a jikin tagullar, da sunan maƙerin a baya. Akwai na Isfahan na shekarar 1221, mai haƙoran ƙarfe a ciki kamar agogo, yana nuna kwanan wata.

Larabci ba baƙo ba ne a wannan jami'a. An kafa kujerar farfesan Larabci a 1636, wanda ya fara hawa kuwa Edward Pococke ne, da ya zauna shekaru a Halab ta Siriya yana karatu da tara littattafan hannu. Littattafan nan suna Bodleian, ciki har da kwafin littafin Idrisi mai taswirori, wanda ya ambaci Gana da Kawkaw da Kanem. Shi Pococke a majami'ar Christ Church aka binne shi, akwai allon tunawa da shi a bango, a nema ranar Juma'a. Takardun Lugard ma suna hannun Bodleian, a ginin Weston da ke tsallaken titi. Amma kada Baba ya sa rai zai taɓa su a wannan zuwan. Sai an nemi katin mai karatu tun kafin a zo, da shaidar abin da ake bincike, sannan a yi odar akwatunan. Abin da za ku samu a Weston ba tare da kati ba shi ne ɗakunan baje koli na kyauta, da kujeru, da shayi, da banɗaki mai tsafta, duk a ƙasa. Nan ne mafi kyawun wurin hutun Baba a tsakiyar gari.

Game da shiga majami'a, Malama ta yi bayanin ladabin wurin. Ta fuskarmu kuwa malamai sun yi saɓani, musamman saboda siffofi. Buhari ya kawo maganar Sayyidina Umar cewa ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke ciki, ya kuma kawo cewa Ibn Abbas yakan yi sallah a majami'a in ba mai gumaka ba ce. Waɗannan na Oxford suna da sassaƙe da hotunan gilashi, ku san da haka. Ku yi magana da malaminku kafin tafiya. Duk abin da kuka tsaya a kai, zagayen bai lalace ba, domin a kowace kwaleji ana iya ganin tsakar gida da baranda da ɗakin cin abinci a wuce ƙofar majami'a, ba mai tambaya. Mai son hangen garin daga sama ba tare da ya bi ta cikin majami'a ba, ya hau hasumiyar Carfax mai matakala 99. An rushe majami'arta tun 1896, hasumiyar kaɗai ta rage.

Malam Na-Gwandu:

Na yarda da gyaran Malam Na-Yawuri, a sa usturlabi a ajiye New College. Batun Cambridge kuwa, ka ba Baba haƙuri, ƙanena, taura biyu ba ta taunuwa. Babu jirgin ƙasa kai tsaye tsakanin garuruwan biyu. Sai kun koma Landan, kun sauya tasha ta jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa King's Cross ko Liverpool Street, sannan ku kama wani. Rabin hasken ranar zai tafi a hanya, ga Juma'a a tsakiya.

Tunda za ku kwana, ku nemi masauki a St Clement's ko farkon titin Cowley, tsakanin masallaci da kwalejoji, kuma ka rubuta musu tun yanzu cewa ɗakin ƙasa kuke so, tsofaffin gidajen ba su da na'urar hawa. Daren Alhamis bayan isha, in Baba bai gaji ba, ku ɗauki tasi zuwa St Aldate's ku tsaya tsallaken hasumiyar Christ Church kafin tara. Da tara da minti biyar babbar ƙararrawar za ta buga sau 101, alamar rufe ƙofofi ta zamanin da. Minti biyar ɗin kuwa saboda garin yana yamma da Greenwich ne, inda ake auna lokacin Ingila, agogon rana na Oxford yana baya da wannan adadin, kwalejin kuma ba ta saki tsohon lokacinta ba. Kafin ka biya tikitin safiyar Juma'a, ka duba jerin ranakun rufewa da suke sawa a shafinsu, domin wani lokaci kwalejin tana buɗe amma majami'ar tana rufe don wata hidima, kuma tagar da Baba yake son gani a cikinta take.